Allo Ya Nuna Kore, Aiki Kuwa Yana Kwance

(Kiɗan buɗe shiri)

 Hirar yau ta masu riƙe da ragamar ayyuka ce: injiniyan da aka damƙa wa ginin asibiti, da jami'ar ƙungiyar agaji mai sa ido a kan haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, da ma'aikacin bankin da aka ɗora wa sauya manhajar ajiye asusun jama'a, har da shugaban kwamitin ginin Islamiyyar unguwa. Duk wanda aka miƙa wa kuɗi, aka yanka masa wa'adi, aka ce ga abin da ake so ya kammala, to manajan aiki ne, ko ofis mai sanyi gare shi ko a gindin bishiya yake zama.

A 'yan shekarun nan an cika wa irin waɗannan mutane kunne da tallar manhajoji. Wannan ta ce za ta mayar maka da tulin alƙaluma zane mai launi, kallo ɗaya ka gane inda aka kwana. Waccan ta ce tana da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, za ta rubuta maka rahoto, ta tsara jadawali, har ta hango maka jinkiri tun bai auku ba. A ciki akwai gaskiya, akwai kuma romon bakan 'yan talla. Ga ma'aunin da nake so mu riƙe: duk manhajar da aka kawo maka, tambayi kanka, shin za ta sa labari mara daɗi ya iso kunnena da wuri? Matsalar da aka ji labarinta tun tana ƙarama ana gyara ta da kuɗi kaɗan. Wadda aka ɓoye har ta girma ita ke cinye kasafi.

Kada wani ya ɗauka jinkirin ayyuka ciwon ƙasashenmu ne kaɗai. Akwai wani malami ɗan ƙasar Denmak, Farfesa Bent Flyvbjerg, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Oxford. Shi da abokan aikinsa sun tattara bayanan ayyuka sama da 16,000 daga ƙasashe fiye da ɗari: hanyoyi, gadoji, madatsun ruwa, tashoshin lantarki, manhajojin gwamnati. A littafin da ya fitar a 2023 tare da ɗan jarida Dan Gardner, ya nuna cewa ayyukan da aka gama a kan lokaci ba tare da zarce kasafi ba, kashi 8.5 ne kacal cikin 100. Da aka ƙara sharaɗin cewa aikin ya kawo amfanin da aka yi alkawari, sai adadin ya faɗo zuwa aiki ɗaya cikin 200. Sabon filin jirgin saman Berlin, a Jamus ɗin da ake yabo da cika alkawari, an sa ran buɗe shi a 2011, bai karɓi fasinja ba sai ƙarshen Oktoban 2020. Shahararren ɗakin wasannin nan na birnin Sidni a Ostireliya an ƙiyasta shi a kan dalar ƙasar miliyan 7, aka ƙare a miliyan 102, bayan jinkirin shekara goma.

To ina zane ya shigo cikin maganar?

Mu koma 1858. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinyar nan Baturiyar Ingila, ta dawo daga yaƙin Kirimiya da tarin alƙaluman sojojin da suka mutu. Ta san manyan gwamnati ba za su zauna karanta shafuka na lambobi ba. Sai ta zana da'ira, ta yanka ta gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Waɗanda rauni ya kashe ta shafa musu ja, waɗanda cututtukan da za a iya kaucewa suka kashe ta shafa musu shuɗi. Duk wanda ya kalli takardar, shuɗin ne ke fara tsone masa ido, domin ya mamaye jan nesa ba kusa ba. Ashe ƙazantar asibiti da barikin soja ta fi harsashin abokan gaba ɓarna. Lambobin suna nan tun da farko, zanen ne ya sa aka kasa kau da kai. Gani ya kori ji.

A fagen tafiyar da ayyuka kuwa, zanen da ya fi kowane shahara shi ne na Henry Gantt, injiniya Ba'amurke da ya yaɗa shi a shekarun 1910. Kun sha ganinsa manne a bangon ofishin 'yan kwangila: sunayen ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki a miƙe daga hagu zuwa dama, kowane aiki da sandarsa mai nuna ranar farawa da ranar gamawa. Daga baya, wajen 1957, kamfanin DuPont ya fito da wata dabara da ta fi wannan zurfi, rundunar sojan ruwan Amurka kuma ta fito da makamanciyarta a 1958 lokacin ƙera makami mai linzami na Polaris. Wannan dabara ita ce zuciyar duk manhajojin jadawali na yau, don haka bari mu tsaya mu kalle ta da kyau.

A ce an ba ka ginin ajujuwa uku. Harsashi mako biyu. Jera bulo har linta mako uku. Zuba linta da jiran ta yi ƙwari mako ɗaya. Rufi mako biyu. Filasta mako biyu, fenti mako ɗaya. Jimla mako goma sha ɗaya, kuma kowanne sai na gabansa ya ƙare yake farawa. Ba a ɗora kwano a kan bangon da ba a gina ba. A gefe guda ga mai walda da zai haɗa ƙofofi da tagogi. Aikinsa mako uku ne, ba kuma za a buƙace su ba sai an zo filasta, wato bayan mako takwas. Ke nan yana da rarar mako biyar. In mai walda ya yi maka wasa da hankali na mako biyu, ranka zai ɓaci, amma ranar miƙa makulli ba ta motsa ba. In kuwa katakon rufi ya makara kwana biyu, ginin gaba ɗaya ya makara kwana biyu. Waccan sarƙa ta harsashi, bulo, linta, rufi, filasta, fenti, ba ta da rarar ko yini ɗaya, kuma a kanta ya kamata idon manaja ya fi tsayawa. Sai dai sarƙar tana sauya wuri. Mai waldan nan in ya kai mako shida yana jan ƙafa, rararsa ta ƙare, shi ne ya koma mai riƙe da wuyan aikin.

Ajujuwa uku, gogaggen heluma yana iya riƙe wannan lissafi a ka. Amma madatsar ruwa ko layin dogo mai ƙananan ayyuka dubu biyar da ke rataye da juna, sai kwamfuta. Shi ya sa manyan kamfanonin gine-gine ke amfani da Primavera P6 ko Microsoft Project. Masu rubuta manhaja sun fi son Jira, ƙananan ƙungiyoyi kuma Trello ko Asana, inda kowane aiki kati ne da ake matsarwa daga layin "ba a fara ba" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Masu haɗa allon bayanai, wato shafi guda da ke tattaro kuɗi da lokaci da ci gaba wuri ɗaya, suna ɗaukar Power BI ko Tableau, ko na Google wanda kyauta ne. Excel ɗin nan da kowa ya raina kuwa, har gobe shi ke ɗauke da mafi yawan kayan.

Da za a ce in zaɓar wa manaja zane guda tak, ga wanda zan zaɓa. Layi biyu a takarda ɗaya, ɗaya na kuɗin da aka kashe, ɗaya na ƙimar aikin da aka auna aka tabbatar an yi. A ce kwangilar naira miliyan 100 ce. An kashe miliyan 60. Aka je da tef aka auna, aka tarar aikin da ke ƙasa bai wuce na miliyan 40 ba. Wanda ke kallon kuɗi kaɗai zai ce an ci kashi 60 na aiki, madalla. Wanda ya ɗora layukan biyu a kan juna zai ga sun rabu, ya kuma san cewa in aka ci gaba da wannan tafiya, sai an kashe miliyan 150 kafin a kammala. Wannan labari ne mara daɗi, amma ya zo tun akwai sauran miliyan 40 a asusu, lokacin da ake iya zama da ɗan kwangila a yi gyara.

Zane kuma yana iya yaudara ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ku saurari wannan. Ƙungiya tana haƙa rijiyoyi goma, allo ya nuna an kammala kashi 80. Yana iya kasancewa takwas suna ba da ruwa, biyu ba a taɓa ba. Yana iya kasancewa kuma duka goman an haƙa, an sa bututu, amma babu wadda aka ɗora wa famfo, ko cokali ɗaya ba a sha ba. Lamba ɗaya ce a allo, amma a ƙasa bambancin ya kai na ƙauyuka takwas masu ruwa da ƙauyuka goma masu ƙishi. Haka nan in ka ga sanduna biyu, ɗaya ta ninka ɗaya tsawo, duba lambar da aka fara ƙirga da ita a ƙasan zanen. In daga 90 aka fara maimakon sifiri, tazarar 92 da 94 sai ta yi kama da ninki biyu.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan manhajojin zanen alƙaluma da ƙirƙirarriyar basira a hannun masu tafiyar da ayyuka.

Yanzu mu je Landan. A 2009 aka fara aikin Crossrail, sabon layin dogo da ya ratsa ƙarƙashin birnin daga yamma zuwa gabas, da ramuka masu tsawon kilomita 42. Kasafinsa fam biliyan 14.8, ranar buɗewa Disamban 2018. Kayan sa ido na zamani babu wanda ba su da shi: ƙwararru, jadawalai, alluna, rahoton wata-wata. A tsakiyar 2018 ana shaida wa majalisar dokoki cewa an wuce kashi 90 na aikin. Kwatsam a ƙarshen Agusta, saura wata uku da 'yan kwanaki a yanke zare, aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Layin, wanda aka raɗa wa sunan Sarauniya Elizabeth, bai ɗauki fasinja ta tsakiyar birnin ba sai ranar 24 ga Mayun 2022, kuɗin kuma ya doshi fam biliyan 19.

Me ya faru? Haƙa rami da zuba kankare, waɗanda ake aunawa da mita, an ci ƙarfinsu. Abin da ya rage shi ne ƙarasa tashoshi da sa manhajar jiragen ta fahimci tsarin sigina iri uku daban-daban, kuma wannan saura, ko da yake ƙarami ne a lissafin kaso, shi ne mafi wuya. Ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya, a rahotonsa na 2019, ya zargi shugabannin aikin da manne wa ranar da ba za ta yiwu ba, ya kuma ce ba su da cikakken tsari na gaskiya da ke nuna yadda za a kai ga ranar.

Masu wannan sana'a suna da al'adar shafa wa kowane sashe launi irin na danjar hanya: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja akwai matsala. Suna kuma da sunan da suke kiran rahoton da aka yi wa kwalliya: kankana. Bayanta kore shar, ka yanka ka tarar da ja. Yadda ake samun ta ba ɓoyayye ba ne. Heluma ya san an yi baya da mako uku, sai ya ce wa injiniya, "Oga, ɗan jinkiri ne, za mu cike." Injiniya ya rubuta wa manaja cewa akwai ƙalubale amma ana shawo kansa. Manaja, da ya san ranar buɗewa ta riga ta fita daga bakin mai girma, sai ya shafa kore. Babu wanda ya shirya ƙarya dukanta. Kowa ya rage mata ɗaci kaɗan ne kafin ya miƙa gaba. Ka sayi manhaja mafi tsada a duniya ka ɗora a kan wannan tsari, abin da za ta ƙara maka shi ne kyan launi.

Misalin da ya saɓa wa wannan, abin sha'awa, a gida yake. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da cutar shan inna ta kama, sama da rabin na duniya baki ɗaya a shekarar, kuma kusan dukansu a Arewa. Alhali takardun da ke zuwa daga ƙananan hukumomi suna nuna ana zagayen rigakafi yadda ya kamata. A ƙarshen shekarar aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta shan inna a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da wasu jihohin, inda jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin duniya ke zama ɗaki guda suna kallon allo guda.

Abu biyu aka sauya. Da can taswirar da ma'aikatan rigakafi ke bi da hannu ake zana ta, sai aka koma hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuwa gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin lissafin kowa. Sannan aka riƙa ba tawagogin wayar salula mai GPS su saka a jaka. Ba a ce su danna komai ba. Wayar da kanta take rubuta inda suke kowane 'yan mintuna. Da yamma a karɓi wayoyin, a kwashe bayanan, a ɗora sawun tafiyar a kan taswira. Kashegari da safe kowa a cibiyar yana ganin unguwar da aka shiga lungu-lungu, da wadda aka bi ta bakin titi kawai, da ƙauyen da ko ƙafa ba a taka ba. Ana iya mayar da tawaga can kafin a rufe zagayen. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka tafiyar da wannan ɓangare. Kano ta ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a 2014, Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Ba na cewa waya ce ta kori shan inna. Sarakuna da malamai da matan da suka yi ta bin gida-gida cikin rana, har wasu suka rasa rayukansu, su suka yi aikin. Wayar ma iyakarta ta nuna inda ƙafa ta taka, ba ta san ko an ɗiga wa yaro magani ba. Amma ku lura da abin da ya bambanta wannan allo da na Landan: labarin yana tasowa daga ƙasa kai tsaye, bai bi ta hannun mai tsoron faɗa ba, kuma yana isowa cikin kwana ɗaya.

A nan ne nake ganin ƙirƙirarriyar basira za ta fi yi wa manaja rana. Akwai kamfanoni irin su OpenSpace da Buildots da ke ɗora kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare a kan hular kwanon injiniya. Yana zagayensa na yau da kullum, kyamarar tana ɗauka, manhaja kuma tana gwada hotunan da zanen ginin, ta ce a hawa na huɗu an sa wayar wuta a ɗaki goma sha biyu cikin ashirin. Ba a tambayi ra'ayin kowa ba. Wannan kayan masu hannu da shuni ne, amma dabarar tana da ƙanwa mai araha. KoboToolbox da ODK manhajoji ne da ke aiki a ƙaramar wayar Android ko babu sabis; mai sa ido ya cike fom, ya ɗauki hoto, wayar ta manna masa wuri da lokaci, in an samu intanet ya tura. Bankin Duniya yana amfani da irin wannan wajen bibiyar ayyukansa a wuraren da ke da wuyar shiga. Ƙungiyar BudgIT ma, ta shirinta na Tracka, hotunan da jama'a ke ɗauka ne makaminta wajen bin diddigin ayyukan mazaɓu.

Sai hasashe. Tun 1979 masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana cewa mutum in yana tsara aikinsa, yakan ƙiyasta lokaci kamar komai zai tafi daidai, ko da ya sha ganin akasin haka. Maganin da suka ba da shi ne ka daina kallon naka aikin kaɗai, ka duba yadda makamantansa suka ƙare. Wannan shi ne abin da kamfanin nPlan na Landan ke yi da na'ura: an ciyar da ita ɗimbin jadawalan ayyukan da suka gabata, abin da aka tsara da abin da ya faru a zahiri. In ka ba ta naka, ba rana ɗaya za ta yanka maka ba. Za ta ce yiwuwar gamawa a watan kaza kaso kaza ne, ga kuma ayyukan da irinsu suka saba makara. Hukumar kula da layukan dogon Birtaniya na cikin waɗanda suka yi aiki da su.

Sai dai na'ura abin da ta gani take sani. Wadda ta koyi darasi daga ayyukan Turai ba ta san damina tana yanke hanyar ƙauye tifa ta kasa shiga ba. Ba ta san leburori na tafiya gida Sallah ko shuka ba, ba ta san ana iya wata huɗu ana jiran a saki kuɗi ba, balle ta hango abin da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya yi wa kuɗin dakon yashi da siminti. Ma'aikatar da ta gina ajujuwa ɗari biyu a shekara goma tana zaune a kan taskar da ta fi mata kowace manhajar waje amfani, in da ta ajiye ranar da aka ce za a gama kowanne da ranar da aka gama shi. Abin takaici, yawanci fayilolin suna can a sito ƙura ta rufe.

Ƙirƙirarriyar basirar da kowa ya fi sani kuwa ita ce mai hira da rubutu: ChatGPT da ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, da Copilot da Gemini da Claude. Gaskiya suna rage wahala. Ka ba su bayanan taron awa biyu su fitar maka da wa aka ɗora wa me, zuwa yaushe. Ka bayyana lissafin da kake so su rubuta maka yadda za ka shigar da shi a Excel. A wasu allunan ma kana iya rubuta tambaya kamar yadda za ka yi wa akawu, zane ya fito.

Amma a yi hattara, suna iya ƙaga abin da babu shi, su kuma faɗe shi babu ko ɗar. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen kotu da ChatGPT ya ƙirƙira, ba su taɓa faruwa ba. Abin da ya yi wa lauya zai yi wa manaja: farashin da babu shi, sashen yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Duk lambar da ta fito daga bakinsa, a nemo asalinta kafin a sa hannu. In da Hausa kake aiki da shi, ko kana so ya rubuta maka saƙon muryar da heluma ya turo ta WhatsApp, ninka binciken, domin ƙwarewarsa a Hausa ba ta kai ta Turanci ba, kuma "an kusa gamawa" da "an gama" kalma ɗaya ce tsakaninsu. Akwai kuma batun sirri. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ciki. Takardun neman kwangila, albashin ma'aikata, sunaye da lambobin wayar masu cin gajiyar tallafi, ba kayan liƙawa a manhajar kyauta ba ne, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana kan wanda ya yi sakaci da su.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙagen ba ne. Da can rahoton da aka yi wa kwaskwarima yakan tona kansa: lambobi su ƙi haɗuwa, bayani ya yi ta kwana-kwana. Yanzu mai son ɓoye jinkiri yana da marubucin da zai tsara masa shafi goma masu santsi cikin minti ɗaya, shugabansa kuma ya ba wata manhajar ta taƙaita masa su zuwa layi biyar. Na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, babu wanda ya je ya ga ginin.

Ko ba da mugun nufi ba ma, bayanai suna zubewa a hanya. A farkon Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona bai shiga ƙidaya ba. Dalili, an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel mai iyakar layi 65,536, da ya cika sai ya riƙa zubar da saura ba tare da ya yi ƙara ba. Kwanaki ana kallon alƙaluman da suka gaza gaskiya, ba a kuma nemi waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar a kan lokaci ba.

(Gajeren kiɗa)

Kafin mu sallame ku, kira gare ku shugabanni, kwamishina ne kai ko darakta ko mai kamfani ko shugabar ƙungiya. Ranar da ƙaramin ma'aikaci ya kawo muku ja a rahoto, abin da kuka yi masa a gaban jama'a shi zai yanke irin launin da za ku riƙa gani daga ranar. In an ci mutuncinsa, kowa ya koyi darasi. In an ce masa sannu da ƙoƙari, me kake buƙata, to wata mai zuwa wani ma zai kawo nasa tun da sauran lokaci.

Kai kuma manaja, kada ka jira sayen manhaja mai tsada. A makon nan ɗauki rahotonka na ƙarshe, zaɓi abu uku da aka shafa wa kore, ka tafi da ƙafarka ba tare da sanarwa ba, ka auna, ka ɗauki hoto. Ga kowace lamba da ke allonka, nemi sanin wa ya shigar da ita, yaushe, kuma me zai same shi in ta yi muni. Sannan ka buɗe shafi guda ka fara rubuta ranar da aka yi alkawarin gama kowane aiki da ranar da aka gama shi, ka ajiye wa wanda zai gaje ka.

  

(Kiɗan rufe shiri)